Amsa kan yadda ƙabilun asali, gwamnati da masu filaye ke haɗa hannu kan daji a Amurka

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ita ce kana karatun gandun daji, kuma ka ji ana cewa a Amurka ƙabilun asali da gwamnati da masu filaye na ƙashin kansu suna haɗa kai su kula da daji guda, toh abin gaske ne ko dai taro ne kawai na ciye-ciye da ɗaukar hoto, sannan in ra'ayi ya saɓa waye ke da ta cewa. Gaske ne, ana yi, amma fa ba wai don suna ƙaunar juna ba ne, wuta ce ta tilasta musu. Kuma duk inda kaga abin ya ɗore, in ka bincika zaka tarar an riga an yi ta ta ƙare kan wa zai kunna wutar, wa zai biya in ta ƙwace, da kuma ina za a kai itacen da aka sare. Inda ba a yi wannan ba to zaman taron ne kawai.

Sai ka fara sanin waye ke riƙe da me. Hukumar gandun daji ta tarayya, wato US Forest Service, an kafa ta a 1905 kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar noma, tana riƙe da eka wajen miliyan 193. Akwai wata hukumar kuma, BLM, a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ita ma da nata filayen. Jihohi na da nasu. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fiye da rabin dajin Amurka ba na gwamnati ba ne sam, na kamfanonin katako ne da na iyalai, wani ya gaji eka 40 daga kakansa wani eka 500. Sai kuma ƙabilu, da ke da daji wajen eka miliyan 19. Su ƙabilun nan gwamnatoci ne a idon dokar Amurka, suna da majalisa da kotu da ma'aikatar albarkatun ƙasa tasu, da yawansu kuma sun rattaba hannu kan yarjejeniya da gwamnatin tarayya tun ƙarni na 19, misali Yakama a 1855. Sai dai filin nasu galibi gwamnatin tarayya ce ke riƙe da takardarsa a matsayin amana, ta hannun BIA, hukumar tarayya mai kula da harkokin ƙabilun asali. Kada ka kwatanta shi da namu na Najeriya inda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, can ba wani mutum ɗaya da zai tashi ya ce duk dajin nan ga yadda za a yi da shi.

Da ma a ce kowa nasa na gefe guda ne da da sauƙi. A'a, a cakuɗe suke. In ka ɗauki taswirar mallaka ta wani yanki a jihar Washington ko Montana zaka ga gida-gida kamar ramukan dara, wannan murabba'in na gwamnati, na kusa da shi na kamfani, na gaba na gwamnati kuma, kowanne mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, eka 640 kenan. Asalin wannan kyautar fili ce da gwamnati ta yi wa kamfanonin jirgin ƙasa, irin Northern Pacific a 1864, ana ba su ɗaya a tsallake ɗaya. A cikin yankunan ƙabilu kuma dokar Dawes ta 1887 ce ta yi ɓarnar, ta yayyanka filin al'umma aka raba wa ɗaiɗaiku, abin da aka ce wai ya yi saura aka buɗe wa baƙi, ta haka filin ƙabilu ya faɗo daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 a 1934. Shi ya sa yau zaka shiga tsakiyar yankin ƙabila ka iske gonar wani Bature da takardarsa a hannu.

Yanzu maganar wutar, don ita ce gindin komai. Dazuzzukan yammacin Amurka masu bushewa, musamman na itacen ponderosa, da wuta suka saba. Duk bayan 'yan shekaru sai wuta ta bi ƙasa ta lashe ciyawa da ƙirare da ƙananan tsiro ta bar manya a tsaye tunda ɓawonsu kauri gare shi, wani lokaci tsawa ce ke tada ta, sau da yawa kuma mutanen wurin ne ke sa ta da gangan a lokacin da suka san ba zata yi ƙarfi ba. Da Turawa suka zo sai suka ɗauki wannan a matsayin ɓarna. California tun a 1850 ta yi dokar da a cikinta aka haramta cinna wa fili wuta. Sannan a 1910 aka yi wata gagarumar gobara a Idaho da Montana, ta ci eka wajen miliyan 3 cikin kwana biyu ta kashe mutum sama da 80, yawancinsu masu kashe gobarar ne, kuma hukumar gandun dajin a lokacin jaririya ce, abin ya shige ta sosai. A 1935 suka kafa ƙa'idar cewa duk wutar da ta tashi a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Aka yi ta kashewa shekara da shekaru. Sakamakon shi ne inda a da eka ɗaya ke ɗauke da manyan bishiyoyi 'yan gomomi, yanzu ɗaruruwa ne sirara a cunkushe suna rububin ruwa, ƙasa kuma jibge da busassun rassa, ga fari ya ƙaru ga zafi. Wuta in ta tashi a irin wannan dajin ba ƙasa take bi ba, ƙananan ne ke zame mata tsani ta hau kan manyan, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Toh kaga in kai ka gyara naka, ka rage cunkoso ka ƙone shara, maƙwabcinka bai gyara ba, wahalar banza ka yi ko kusa da haka. Abin da ya faru kenan a kudancin California a 2003, gobara ta ratso ta cinye yankunan ƙabilu da dama, kuma kafin nan a 2002 gobarar Rodeo-Chediski ta ci eka sama da dubu 460 a Arizona, kaso mai yawa a ƙasar ƙabilar White Mountain Apache. Bayan haka ne majalisa ta yi dokar Tribal Forest Protection Act a 2004, ihu bayan hari dai amma ya fi babu. Abin da dokar ta ce shi ne, in ƙabila ta ga dajin gwamnati da ke iyaka da nata yana mata barazana, da wuta ko da ƙwari ko da cuta, tana iya rubutawa ta nemi a bar ta ta shiga ta yi aikin gyara a ciki, kuma a ba ta amsa cikin kwana 120. Ka lura da kyau, nema ne, gwamnati na iya cewa a'a. A shekaru goman farko ayyukan da aka yi da gaske a ƙarƙashinta 'yan ƙalilan ne, ɗaya daga cikinsu na Mescalero Apache ne a dajin Lincoln da ke New Mexico. Dalilin kuwa ba wani ɓoyayye ba ne, dokar ta zo ba kuɗi a bayanta, jami'in gandun daji na yanki kuma ba wanda zai ƙara masa girma don ya karɓi irin wannan buƙata.

Daga baya an yi ta ƙara wasu ƙofofin. A 2009 aka kafa wani shiri mai ba da kuɗi na tsawon shekara 10 ga babban yanki, da sharaɗin sai masu ruwa da tsaki sun zauna tare sun tsara aikin. A 2014 aka tabbatar da dokar da suke kira ta maƙwabcin kirki, wadda ke bai wa jiha damar yin aiki a dajin tarayya, a 2018 aka shigar da ƙabilu da ƙananan hukumomi, sai dai a wannan dokar ta 2018 jiha na iya riƙe kuɗin katakon da ta sayar ta sake zuba shi a aiki, ƙabila kuwa a lokacin ba a ba ta wannan ba, kaga ai an ba ka gona an hana ka rumbu. A dai 2018 ɗin aka yarda a yi irin waɗannan ayyuka ta kwangilar da suke kira 638, lambar wata doka ce ta 1975 da ke barin ƙabila ta karɓi kuɗin tarayya ta gudanar da aikin da kanta da ma'aikatanta. Wannan ta 638 a ganina ta fi sauran nauyi, don ita ce ke sa motar aiki da albashin ma'aikaci su zama a hannun ƙabilar.

Bari in tsaya kan wuri ɗaya don ka ga abin a ƙasa, wato ƙasar Karuk a arewacin California, gefen kogin Klamath. Su Karuk lamarinsu daban ne da na Yakama ko Apache, ba su da wani babban yanki da aka keɓe musu. An yi yarjejeniyoyi 18 da ƙabilun California a 1851 zuwa 1852, majalisar dattawa ta ƙi amincewa da ko ɗaya, don haka kusan duk ƙasar kakanninsu yau dajin tarayya ne, Six Rivers da Klamath. Ma'ana mutum zai iya nuna maka gangaren da kakarsa ke ƙonawa duk kaka, amma in shi ya ƙyasta ashana a wurin ya yi laifi. An daɗe ana zaman doya da manja tsakaninsu da hukumar, ga kuma masu sare katako a gefe da 'yan rajin kare muhalli a wani gefen, kowa na kai kowa kotu, musamman bayan rikicin wata mujiya da aka sa a jerin halittu masu fuskantar barazana a 1990 wanda ya sa saran katako a dajin tarayya ya faɗi warwas. A 2013 ne suka fara zama a ƙarƙashin Western Klamath Restoration Partnership, ƙabilar Karuk, hukumar gandun daji, ƙungiyoyin kula da koguna na yankin, mazauna masu filaye, kan yanki mai eka wajen miliyan 1.2. Dabarar da suka yi wadda ta burge ni ita ce ba su fara da gardamar a sare ko kar a sare ba, don sun san nan ne za a watse. Sun shimfiɗa taswira kowa ya nuna abin da ba ya so wuta ta ci da inda yake ganin aiki ya fi gaggawa, hanyar da mutane za su bi su tsere, bayan gidaje, kan tudun da za a iya tare wuta, wuraren ibada, aka ɗora wannan kan wancan, inda suka haɗu nan aka fara. Aikin farko babba shi ne na Somes Bar, eka dubu 5 da 'yan kai.

Ita ƙunar kanta in baka taɓa gani ba zaka ɗauka wani abin tashin hankali ne, alhali aiki ne na haƙuri mai ma ban gajiya. Na tsaya a irinta a wannan yankin lokacin horon da ake yi da kaka. Kafin a kunna komai an riga an share layi da fatanya da manjagara har sai an ga jar ƙasa, zagaye da filin. Wani na can gefe yana auna iska da danshin sama duk bayan ɗan lokaci yana faɗa ta rediyo kowa na ji. Shugaban ƙuna ya tsuguna ya ɗebi busasshen ganye ya murza a tafin hannu, in ya ruɓushe da ƙara ya bushe, in ya lanƙwashe kawai da saura. Sai a gwada a ɗan lungu a ga yadda harshen wutar ke yi. In an gamsu, masu kunnawa su jeru da wani gwangwani mai dogon baki, a ciki dizal ne da ɗan fetur, yana ɗigar da wuta, su fara daga saman tudu suna saukowa layi-layi, saboda wuta in tana gangarowa a hankali take tafiya, in ka kunna daga ƙasa kuwa da gudu zata hau. Harshenta bai wuce gwiwa ba galibi. A layin nan zaka ga ɗan ƙabila, ga ma'aikacin tarayya, ga wata dattijuwa mai eka 20 a bakin hanya, duk da rigar nan rawaya mai hana kamawa, ido na ta hawaye don hayaƙi. Ni a wurina wannan tsayuwar tare ta fi duk wata takardar fahimtar juna aiki, don wanda kuka riƙe layin wuta da shi har dare ba zaka zo taro ka ce masa maƙaryaci kai tsaye ba.

Kuma abin da ƙabilar ke nema a wutar ba shi ne daidai abin da hukuma ke nema ba, wannan ma ka riƙe shi. Hukuma lissafinta eka nawa aka rage wa makamashi. Matan Karuk da Yurok masu saƙar kwando kuwa wani itace suke bi, hazel, wanda in ba a ƙone shi ba yake fitar da rassa karkatattu masu yawan ƙulli da ba sa saƙuwa, in wuta ta bi ta kansa sai ya toho da sanduna miƙaƙƙu sirara, da su ake saƙa kwandon goyon jariri. Haka 'ya'yan itacen tanoak da suke ci, waɗanda suka fara zubowa yawanci masu tsutsa ne, in aka ƙone ƙasan bishiyar a kan kari an kashe ƙwarin kenan, na baya su zubo lafiyayyu a kan fili mai tsabta. Wannan yana buƙatar wuta a wata takamaimiyar ranar a wani takamaiman gangare, ba ranar da takardar izini ta fito ba. Nan ake yawan samun saɓani, kuma gaskiya ƙabilar ce ke da hujja mafi yawan lokuta.

Kar kuma ka ɗauka haɗin kan ya hana masifa. A watan Satumba na 2020 gobarar Slater ta afka wa garin Happy Camp, inda hedkwatar Karuk take, ta ƙone gidaje wajen 200. Shekara bakwai kenan da fara zaman. Abin da ake iya gyarawa a shekara kaɗan ne ƙwarai in ka auna da girman dajin, kuma kafin a taɓa dajin tarayya sai an bi dokar nazarin muhalli ta 1970, nazarin da kan ci shekaru, wankin hula ya kai ka dare.

Sai maganar wa zai biya, wadda ita ce ke hana masu filaye barci. Mai eka 100 ya san dajinsa na buƙatar wuta, amma yana tunanin in iska ta juya ta shiga gidan maƙwabci fa, lauyoyi za su raba shi da duk abin da ya mallaka, kuma kamfanonin inshora da yawa sun janye daga wannan harkar. Tsoron nan ba na banza ba ne. A 2022 a New Mexico wutar da hukumar tarayya ta kunna da kanta ta ƙwace, ta haɗu da wata da ta taso daga tarin rassan da aka ƙone tun hunturu ashe bata mutu ba tana ci a ƙarƙashi, suka zama gobarar Hermits Peak da Calf Canyon, eka sama da dubu 340, mafi girma a tarihin jihar, ɗaruruwan gidaje suka tafi, majalisa ta ware kusan dala biliyan 4 na diyya, hukumar kuma ta dakatar da duk ƙuna a faɗin ƙasar na kwana 90. Hukumar na cewa sama da kashi 99 cikin 100 na ƙunarta na tafiya yadda aka tsara, kuma haka ne, amma je ka faɗa wa wanda gidansa ya zama toka. A watan Oktoba na shekarar dai a gabashin Oregon, wuta ta tsallake daga dajin Malheur ta ci 'yar eka kaɗan ta wani makiyayi, sai shugaban 'yan sandan yankin ya zo ya kama shugaban ƙunar, ma'aikacin tarayya a bakin aikinsa. Daga baya an kori ƙarar, amma saƙon ya riga ya isa kunnen duk mai riƙe da gwangwanin wuta.

California ta ɗan taɓa wannan matsalar ta hanyar da nake ganin ita ce daidai. A 2021 ta yi dokar da ta ce wanda ya yi ƙuna bisa ƙa'ida, har da masu ƙunar gargajiya na ƙabilu, ba za a ɗora masa kuɗin kashe wutar ba in ta ƙwace, sai in an tabbatar ya yi mugun sakaci. Sannan ta ware dala miliyan 20 a asusu don biyan wanda irin wannan wutar ta yi wa ɓarna. Kuɗin ba wani yawa gare su ba in ka tuna da biliyan 4 ɗin can, amma sun sa mutane da dama sun yarda a shiga filinsu.

Ɗayan abin da 'yan aji ba sa kawowa a rai shi ne injin tsaga katako. Daji mai cunkoso ba a fara sa masa wuta haka nan, sai an rage shi da zarto tukuna, kuma abin da ake cirewa yawanci ƙananan itatuwa ne marasa daraja. In akwai kamfanin tsaga katako kusa, kuɗin 'yan matsakaitan gumagumai sai su biya aikin fitar da tarkacen. In babu, ko yana da nisan da kuɗin man tirela zai cinye ribar, to kowace eka sai an biya ta daga aljihun gwamnati, aikin kuma sai ya tsaya. Kamfanoni da yawa sun rufe a yammacin ƙasar tun shekarun 1990, tare da su direbobi da masu zarto da makanikai suka watse. A wasu yankunan wanda ya rage a tsaye na ƙabila ne, kamar na Yakama a White Swan. Daga nan ƙungiyar Intertribal Timber Council, wadda aka kafa a 1976, ta kawo shawarar a ɗauki babban dajin ƙabila a matsayin turke, maƙwabta na tarayya da na jiha da masu zaman kansu su yi alkawarin kawo itace a kai a kai na shekaru masu yawa don injin ya ci gaba da juyawa, hujjarsu kuwa ita ce kamfani na iya sayar da filinsa ya tafi, jami'i ana masa canjin wurin aiki, ƙabila ce kawai ba inda zata. A yankin Yakama ɗin akwai haɗakar Tapash, ƙabilar da hukumar tarayya da hukumomin jihar Washington biyu da ƙungiyar The Nature Conservancy, wadda a 2014 ta sayi eka wajen dubu 48 na irin filayen nan masu gida-gida daga kamfanin Plum Creek don a samu a riƙa kula da su a dunƙule.

Masu zaman kansun ma kala biyu ne, kar ka haɗa su. Babban kamfani lissafinsa riba ce da masu hannun jari, zai shiga haɗaka in ta shafi hanya ko tare gobara, amma ba zai bar wani kwamiti ya faɗa masa yaushe zai yi sara ba. Iyalai kuwa da yawansu tsofaffi ne, wasu ma ba a wurin suke zaune ba, ba su da kuɗin gyara, kuma ba su yarda da duk wanda ya zo da motar gwamnati ba. Su ana shawo kansu ne ta tallafin ma'aikatar noma da ke biyan wani kaso na aikin, da kuma maƙwabcin da ya riga ya yi suka ga bai mutu ba. Wani lokacin kuma maganin ba haɗin gwiwa ba ne, saye ne kawai. Yurok, maƙwabtan Karuk ta ƙasan kogi, sun dawo da eka wajen dubu 47 a yankin Blue Creek daga hannun kamfanin Green Diamond, da taimakon ƙungiyar Western Rivers Conservancy, wani ɓangare na kuɗin daga kasuwar kabon ta California ya fito, wato inda masu fitar da hayaƙi ke biyan masu daji don bishiyoyinsu na shanye shi. Akwai 'yan ƙabilu da ke sukar wannan kasuwar, suna cewa lasisi ne ake sayar wa masu gurɓata iska, kuma maganarsu abin dubawa ce.

Kar in bar ka da tunanin cewa kowa ya yarda da tafiyar. Wasu ƙungiyoyin muhalli na ganin kalmar gyaran daji riga ce kawai ake sa wa saran katako, kuma wani lokacin suna da gaskiya, na ga aikin da aka kira ragin cunkoso amma manyan bishiyoyin da ya kamata a bari su aka fara kayarwa don su ne masu kuɗi. Ƙabilun ma ba waliyyai ba ne kuma ba bakinsu ɗaya ba, wasu da katako suke biyan kuɗin makaranta da asibiti, suna sara sosai. Sai dai tarihin aikinsu na magana, Menominee a Wisconsin suna sare dajinsu tun tsakiyar ƙarni na 19 kuma itacen da ke tsaye a ciki yau ya fi na lokacin da suka fara, har a hoton tauraron ɗan'adam ana gane iyakarsa. Duk da haka binciken da dokar 1990 ta wajabta a riƙa yi duk shekara 10 ya sha nuna cewa abin da ake ba dajin ƙabilu a kan kowace eka wajen kashi ɗaya cikin uku ne na abin da dajin tarayya ke samu. Toh ma'aikatar da ke da mutum biyar ana gayyatarta taro goma sha, kowa na so a ce ya tuntuɓi ƙabila, ba wanda ke biyan lokacinsu. Akwai kuma matsalar sirri, in dattawa suka nuna wa hukuma wurin ibada ko inda ake samun wani magani don kar a taɓa shi, bayanin ya shiga fayil ɗin gwamnati, kuma akwai dokar da ke bai wa kowa damar neman takardun gwamnati, shi ya sa wasu ke cewa kawai ku kauce wa wancan gangaren, ba za su faɗi dalili ba.

Kan waye ke da ta cewa kuwa, amsar ba daɗi. A filin ƙabila majalisar ƙabila ce, tare da sa hannun BIA a wasu abubuwan. A filin mutum shi ne, cikin iyakar dokar jiha. A dajin tarayya kuma, komai yawan zaman da aka yi, komai yardar da aka cimma, wanda ke sa hannu na ƙarshe jami'in hukumar ne, kuma lauyoyin gwamnati na cewa doka bata ba shi ikon miƙa wannan sa hannun ga wani ba. Shi ya sa zaka ji ƙabilu na bambanta tsakanin a ce ana kula da daji tare da su, da a ce ana yanke hukunci tare da su, na farkon ne ake ba su yawanci. Ga shi jami'in da aka sha wuya aka saba da shi, ya koyi sunayen rafuka ya halarci jana'iza, bayan 'yan shekaru sai a ɗauke shi a kawo sabo a koma farko. A watan Nuwamba na 2021 sakatariyar cikin gida Deb Haaland, ita kanta 'yar Laguna Pueblo ce, da sakataren noma Tom Vilsack sun fitar da umarni na haɗin gwiwa mai lamba 3403 da ya ce hukumominsu su riƙa shigar da ƙabilu cikin kula da filayen tarayya, kuma an ƙulla yarjejeniyoyi da yawa a sanadinsa. Amma umarnin minista ne ba dokar majalisa ba, wani na iya zuwa ya soke shi da biro ɗaya. Ka duba yankin Bears Ears a Utah, inda ƙabilu biyar suka nemi a ba shi kariya, Obama ya ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 2016, Trump ya zabge mafi yawansa a 2017, Biden ya mayar a 2021. Don haka ne wasu ƙabilun suka fi sa ƙarfinsu kan majalisa ta mayar musu da filin kacokan, kamar yadda Leech Lake Ojibwe a Minnesota suka samu dokar da ta mayar musu da eka dubu 11 da ɗoriya daga dajin Chippewa a ƙarshen 2020. In aikin makaranta zaka rubuta, ni da na Karuk zan ce ka fara, don a nan ne ƙabilar bata da filin, kuma duk da haka ita ke jan ragamar tsarin.